Rijiyar da Ba Wanda Ya Gani

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Maigari Zubairu, a wani gari na ƙasar Korgom, lokacin da gero ya fara fid da kai, fada ta yanke cewa Buzayen da ke zaune gabas da gari su tashi, domin gonaki sun yi kaɗan, su kuma baƙi ne.

Tsohuwarsu Lalla ta zo fada da sandarta. Ta ce kakanninta ne suka haƙa rijiyar farko a wurin, kuma bisa al'ada wanda ya haƙa rijiya ba a korarsa. A zamanin yaƙi, in ji ta, da mahara suka kewaye garin, sarkin lokacin ya sa aka rufe bakinta da itatuwa da rairayi don kada dawakinsu su sha. Kakarta ce ta nuna mata wurin, a tsakiyar gonar Yowel, wani manomi Kirista.

Galadima, wanda ya riga ya zaɓi filin da zai ɗauka, ya tambaye ta ko ta taɓa ganin rijiyar. Ta ce ko kakarta ba ta gani ba. Fadawa suka yi dariya. Liman bai yi ba, ya ce rashin ganin abu ba ya zama hujjar cewa babu shi.

Sai Yowel ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, shekara arba'in ina bauta ma Wanda ban taɓa gani ba, bisa shaidar waɗanda suka gabace ni. Inna ma shaida ta kawo. A tona."

Ya san abincin gidansa ne za a tattake. Maigari ya yarda. Kwana huɗu ana tono, rabin geron ya tafi, har Lalla ta daina duban fuskarsa don kunya. A rana ta biyar shebur ya bugi itace. Da aka share ƙasa, sai ga wani baƙin gungume, igiyoyin guga sun ci jikinsa zurfin yatsa biyu. Ruwa kam babu ko ɗigo. Lalla ta sa yatsunta cikin sawun igiyar, ta yi kuka.

Maigari ya janye hukuncinsa, Buzaye suna nan har yau. Ni dai abin da ke ba ni tausayi shi ne, sarki ne ya rufe rijiyar, sarki kuma ya yi musun akwai ta, amma wanda ya biya kuɗin tabbacin da geronsa talaka ne. Waccan shekarar, da nonon dabbobin Lalla iyalan Yowel suka kai kaka ta gaba.