Dogo da Jan Biro

Ranar da ta fara aiki a kamfanin, kujerar da aka ba ta tana gefen tasa, ƙarƙashin wata fanka mai kuka kamar za ta faɗo. Ya ɗago ya kalle ta, ta kalle shi, kowa ya kawar da kai. Shi ne Dogo, wanda ya rubuta manhajar da kamfanin ke taƙama da ita, mai tura wa majinyatan wani asibiti saƙon tunatarwa a waya.

Kafin a tashi ta gama karanta aikinsa, ta juyo da kujera.

"Malam, wa ya rubuta wannan?"

"Ni. Da matsala ne?"

"Sunaye a jeri ɗaya, lambobin waya a wani, dalilin zuwa asibiti a na uku. Ba abin da ya haɗa su sai lambar layi. Ran da aka cire mutum daga jeri ɗaya aka manta sauran, kowa zai gaji bayanin maƙwabcinsa. Ka yi struct mana, ƙunshi ɗaya ga kowane majinyaci: suna, waya, dalili, duk a ɗaure. In za a goge, a goge mutum gaba ɗayansa."

Dogo ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Ko katin aiki ba a buga miki ba, har kin fara koya min sana'a?"

Daga nan aka sa zare. Takan buga aikinsa a takarda, ta bi shi da jan biro, ta ajiye masa a tebur, har ofis ya raɗa mata suna Jan Biro. Shi kuma duk gyaran da ta tura sai ya mayar da shi da kalma ɗaya: "A'a." Gaisuwa ta mutu tsakaninsu. A gida kuwa Abbanta ya haddace sunan Dogo, don kusan kullum da jan ido take dawowa.

Wata safiya wani dattijo ya banko ƙofar ofis, waya a hannu. 'Yarsa budurwa ce da aka sa wa ranar aure, ciwon ido ya kai ta asibiti, sai ga saƙo da cikakken sunanta wai gobe ta zo awon ciki. Yayar ango na zaune kusa da ita lokacin da saƙon ya shigo.

Manaja ya duba, ya ga Jan Biro ce ta taɓa manhajar a ƙarshe, alhali launin wani maɓalli kawai ta canza. Ya wanke ta tas a gaban kowa, ya ce ta tafi gida sai an neme ta. Ta juyo ta kalli Dogo. Ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba.

Tana cikin mota ta tura masa saƙo: "Na san kai mai taurin kai ne. Ban san matsoraci ba ne."

Bai amsa ba sai washegari da rana: "Na faɗa wa Manaja jerin nan nawa uku ne suka zame. Na je gidan yarinyar, na je gidan angon, na yi bayani har sun yarda. Ki dawo ki nuna min ƙunshin nan. Don Allah."

"Ba don kai zan dawo ba," ta rubuta. "Don majinyatan ne."

Suka zauna suka warware manhajar, suka ɗaure kowane majinyaci a ƙunshinsa. Faɗan bai ƙare ba. Sun yi rabin wuni suna musu kan ko ranar haihuwa za a ajiye ko shekaru, har ya yarda cewa shekaru na tsufa, ranar haihuwa ba ta canzawa. Amma yanzu in ta yi masa tsawa, sai ya tura mata kofin shayi.

"Ba na sha," takan ce, sannan ta shanye.

Bayan an gama aikin ya rubuto: "Jan Birona, yau ba ki yi min gyara ba. Lafiya?"

"Ka gyara wannan 'na' ɗin tukuna. Ni ba taka ba ce."

"Shi kaɗai ne ba zan gyara ba. Ina son zuwa wajen Abbanki."

Ta rubuto: "Ka sa hula. Kuma kar ka yi masa musu."

Abba ko tabarma bai sa an shimfiɗa masa ba.

"Kai ne Dogon? Ran da aka ɗora wa 'yata laifinka a bainar jama'a, ina bakinka yake?"

"Tsoro na ji, Abba."

"To ni ba na ba matsoraci 'ya. Akwai ɗan aminina, likita, yana jiran amsa. Tashi."

Ya tashi, amma ya dawo. Ya sake dawowa, yana gaisuwa yana tafiya ba a amsa ba. Likitan kuwa zuwa ɗaya ya yi, ya ce bayan aure za ta ajiye aiki, ta raka shi har bakin mota ta ce ya gaida gida.

Umma ce ta tare Abba a falo. "Yaron nan kana korarsa yana dawowa, ka tambaye shi laifinsa bai ɓoye ba. 'Yarka kuma ka san bakinta. Wa ka ga ya iya zama da ita in ba wannan ba?"

Abba ya kira 'yarsa. "Ke, mutumin da ya sa ki kuka kike so?"

"Shi, Abba. Ni na fi sa shi kuka, bai dai kawo ƙara ba ne."

Dariya ta ƙwace wa Abba ba shiri.

Ran ɗaurin aure, bayan jama'a sun watse, ya zaunar da su gabansa, ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

"Ga ta nan, Dogo. Ku yi faɗanku a ɗaki, amma a gaban mutane kai ne garkuwarta. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Abba," suka faɗa baki ɗaya, ita tana share hawaye da gefen mayafi.