Koren Fenti a Bangon Laka

"Wa ya yi wannan?"

Margret ce ta yi tambayar. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, da ƙunshin labule a hammatarta. Saura kwana uku Kirsimeti.

Ɗakin Vandi ne, saurayin da ta shekara huɗu tana jira, a gidan mahaifinsa da ke Mugulbu. Nan aka tsayar za ta tare idan an ɗaura musu aure a coci da Ista. Bangon da ta bari fari tas shekaranjiya ya koma kore shar, yana ƙyalli, warin fentin mai na hawa kai. Daɓenta kuwa an lulluɓe shi da leda mai zanen furanni.

Mairamu, mahaifiyar Vandi, ta fito daga madafa tana goge hannu.

"Ke ce, Margret? Ai sai ki yi sallama."

"Na yi, Mama. Wa ya taɓa ɗakin nan?"

"Wadda take da abin taɓawa."

A zuriyar su Margret, tun kaka da kakanni, mace ba ta kwana a ɗakin auren da ba hannunta ne ya daɓe shi ba, kuma sau ɗaya take yin haka a rayuwarta. Haka kakarta ta yi tun suna kan dutse, haka marigayiya mahaifiyarta ta yi a Mayo Bani. Saboda haka ne bana Margret ta haƙura da atamfar Kirsimeti da sabon takalmi, ta mayar da ribar ɗinkinta kan farar ƙasa da gishiri da ƙaro da bula. Ta jiƙa makuba, ta yi jigilar tsakuwa daga mayo, wato rafi, a kanta. Mako uku ita da ƙawayenta suna durƙushe da madaɓi, suna bugu suna waƙa, har ƙasan ɗakin ya yi sumul kamar bayan tasa.

"Sista Margret! Kin ga bazata, ko?"

Beauty ce ta leƙo daga ciki tana murmushi, 'yar Ya'akubu dillalin kasuwar shanu, wadda suke ƙungiyar mawaƙa ɗaya da Vandi.

"Tausayin Yaya Vandi na ji. Mutum ya gama poli, a ce baƙi su jingina da bangonsa su tashi da fari a riga?"

"Farar ƙasata ba ta kama riga. Na sa mata gishiri da ƙaro."

"Gishiri!" Beauty ta tuntsire da dariya. "Miya kika dafa ko bango kika shafa?"

Margret ta buɗe baki za ta mayar, sai idonta ya sauka a gefen bokitin fenti. Wani tsumma ne a cukurkuɗe, jage-jage da kore. Ta sunkuya ta ɗaga shi.

Labulen tagar ne, wanda ta fara ratayawa.

Daga zanen mahaifiyarta ta yanka shi.

"Ayya... masu fenti ne suka goge buroshi," in ji Beauty. "Na zaci tsohon tsumma ne."

Daidai nan keke napep ya tsaya a ƙofar gida, Vandi ya shigo da kaji biyu a hannu. Yana ganin fuskarta ya yi turus.

"Magi... masoyiyata, saurare ni..."

"Ka sani?"

"Mama ce ta ga cewa..."

"Vandi, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Kyauta ce, Magi, ba a mayar da hannun kyauta baya. Ɗaki fa ɗaki ne! Fenti ne kawai!"

Ta miƙa masa tafukan hannunta, duk kanta da tsaga, farar ƙasa ta cinye gefen farce.

"Dubi nan, ka sake cewa fenti ne kawai."

Bai duba ba.

Ta share hawayenta, ta juya ga tsohuwar cikin ladabi. "Mama, ko ba don ni ba, a kankare shi. Bangon laka iska yake sha. Idan aka toshe shi da fentin mai, damshi zai ci shi ta ciki. Ledar nan kuma gara za ta tara."

"Ji min yarinya da mugun baki!" Mairamu ta tafa hannu. "Hassada ga mai rabo taki ce. Ɗana ya wuce zaman ɗakin kakanni."

Margret ta jira Vandi ya ce ko da kalma ɗaya. Kajin hannunsa ne kaɗai suka yi kuka. Ta naɗe tsumman a cikin ƙunshinta, ta fita, kuma bai biyo ta ba.

Ista ta zo ta wuce, ba a ɗaura kome ba. Da damina ta kankama aka yi shelar baikon Vandi da Beauty a coci, Margret na zaune a benci na uku, ta ji da kunnenta, ta rera waƙar rufewa har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Sai da ta koma gida ta kulle ƙofa.

Magabata ba wauta ce ta sa suka riƙi farar ƙasa ba. An ga irin abin da Margret ta faɗa a gidan wani Dawuda na Mayo Bani shekarun baya, amma ɗan Adam ba ya ɗaukar darasi a katangar maƙwabci. A marka ta watan Agusta fentin ɗakin Vandi ya ɗuri ruwa, ya kumbura, ya riƙa saɓulewa kamar saɓar maciji. Gara ta yi gari a ƙarƙashin leda. Wata Lahadi, ana tsakiyar wa'azi, bangon gabas ya zube a kan gado da akwatunan auren Beauty da aka riga aka jera. Ya'akubu ya zo ya duba, ya kaɗa kai, ya ce 'yarsa ba za ta tare a kango ba. Kafin mako ya zagayo an mayar da zobe.

Da Disamba ta dawo, Margret na kan benci tana shafe zauren mahaifinta da hantsi, sai ta ji an kira ta da sunan da mutum ɗaya kaɗai yake kiran ta.

"Magi."

Vandi ne, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ba ta sauko daga bencin ba.

"Sannu da zuwa, Malam Vandi. Ya jikin Mama?"

"Ita ta aiko ni... ni ma na aiko kaina. Na tayar da bangon. Ɗakin yana nan babu shafe, babu daɓe. Ke yake jira, hasken idona. Ki yafe mini!"

"Na yafe tuntuni."

"To, ki zo..."

"Kowane bokiti ka sa gishiri cikin tafin hannu biyu, da ɗan ƙaro, da bula kaɗan. Ka shafa sau biyu, ka bari na farko ya bushe."

"Ba wannan na zo nema ba!"

"Shi kaɗai ya rage mini in ba ka."

"Daɓen fa, Magi? Ba mai iya shi sai ke."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi sosai, idanunta sun cika taf.

"Ka san al'adarmu, Vandi. Sau ɗaya ake yi. Nawa na yi shi bara, mako uku a kan gwiwata, da saninka aka shimfiɗa masa leda. Ba kai kaɗai ka yi asara ba. Duk ɗakin da zan shiga nan gaba, kan daɓen wata zan taka."

Idonsa ya kai kan tagar ɗakinta da ke tsakar gida. Labule ne rataye, an wanke shi har ya koɗe, amma koren tabon yana nan a tsakiyarsa, ta juyo da shi waje yadda duk mai shigowa zai gani.

Ya daɗe yana kallon sa, sannan ya juya.

Margret ta tsoma buroshi a bokiti ta ci gaba da shafe. Hawayenta na ɗiga cikin farar ƙasar, ba ta tsaya share su ba, don bangon da aka bari rabi a jiƙe tabo yake yi.