Jijiyar da Ta Zaɓa Masa

"Ke za ki zaɓa min, Zuciyata."

Ta ɗago da sauri, idonta fal hawaye. Saurayinta na kwance a gadon asibiti, gwiwa a kumbure. Guguwa ake kiransa a filin ƙwallo, yau ko banɗaki sai an riƙe shi.

Likita ya ɗaga hoton gwiwar. "Jijiyar ciki ta tsinke, sai an sa wata. Ko mu yanko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, tana kamawa da ƙarfi, amma durƙuso kan yi ciwo shekara da shekaru. Ko mu ciro ta bayan cinya, ciwon da sauƙi, sai dai wani lokaci takan saki."

"Wacce ta fi, Likita?"

"Kowacce da ranarta, 'yata. Na ga masu wasa da duka biyun."

Ta kalli leɓensa da ya fashe don cizo.

"Ta cinyar... ba zan iya ganin kana shan azaba ba."

Ya yi murmushi. "Ka ji, Likita. Uwargida ta yanke hukunci tun ba a kawo ta ba!"

Aka yi tiyata. A kafaɗarta ya koyi tafiya, har ya koma fili. Ranar da wakilan wata ƙungiyar waje suka zo kallonsa, ya juya da ƙwallo, ya zube yana ihu.

Jijiyar ta sake tsinkewa.

Likita ya ce ko ɗayar ma takan yi haka. Ba wanda ya saurare shi.

'Yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana sonsa, ta samu ƙofa, ta je wurin mahaifiyar tasa.

"Umma, da gangan ta zaɓi mai rauni! Tsoro take kar ya tafi waje ya bar ta."

Umma ta ce in budurwar tasa ta ƙara taka gidan, ba ta yafe ba.

A barandar ɗakin gashin ƙashi budurwar ta tare shi, yana zaune, ya rame.

"Ka yarda da maganarsu?"

"Wallahi ban yarda ba."

"To me ya sa ka daina ɗaukar wayata, Masoyi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na san ba ki da laifi... amma in na kalle ki, filin nake gani. Na yi ta faɗa da zuciyata, na kasa."

"Ni fa sauƙi na nema maka..."

"Na sani."

Ya yunƙura zai tashi, sandarsa ta suɓuce ta faɗi. Ta sunkuya da sauri.

'Yar'uwar tasa da ta rako shi ta riga ta ɗauka.