Layin Da Aka Yi Wa Yaya Badaru

"Ki daina zuwa, Yakaka."

Saura kaɗan kwanon tuwon shinkafa da miyar kifi ya suɓuce mata.

"Me ka ce, Abdulfattah?"

Ya kau da kai daga ragar ƙarfen da ta raba su. Ya rame, ya yi baƙi, ƙuraje sun feso masa a wuya. Wai wannan ne saurayin nata, ɗan ƙwalisa mai gyaran waya a kasuwar Hadejia!

Duk a kan layin waya ɗaya fa. Yayanta Badaru ne ya je shagonsa, wai katinsa na ɗan ƙasa ya ɓata, a taimaka masa da rajista. To wa ke ce wa yayan budurwarsa a'a? Abdulfattah ya ba da nasa, har da dangwala yatsa. Ashe Badaru hoton wata Hajiya ya ɗora a intanet, yana damfarar mutane da sunanta. Da aka bi layin, sunan Abdulfattah aka tarar. Shekara uku alƙali ya yanke masa, amma Abdulfattah bai ambaci kowa ba.

"Zan faɗa musu gaskiya," ta ce, hawaye shaɓe-shaɓe. "Wallahi zan faɗa!"

"Ki kawo yayanki nan? Kin san yadda muke kwana? A zaune, masoyiyata... a zaune! Kullum sai an ƙaro samari kan maganar waya. Innarki kuma fa? Hawan jininta zai bar ta?"

"Ni fa? Baba ya ce gobe za a mayar da kayan sa-ranarmu..."

"A mayar. Allah Ya ba ki wanda ya fi ni."

"Ba na so!"

Gandiroba ya buga ƙarfe, lokaci ya cika.

Washegari ta dawo da kwanonta, ta ƙudura sai ya yarda ta yi magana.

"Abdulfattah?" in ji gandiroban. "Ai gidan ya cika, 'yata. Da safe aka kwashe su a mota."

"Zuwa ina?"

"Wallahi nesa dai."

Ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta gida ba. A ƙofa ta iske ana loda kayan sa-ranarta a a-daidaita-sahu. A tsakar gida Badaru na latsa sabuwar waya.

"Me kika dafa ne, Yakaka? Miƙo, yunwa nake ji."

Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Sai ta dubi Inna, tana kishingiɗe kan tabarma, ƙullin magani a gefenta.

Ta miƙa masa kwanon.