Jifan da Ba Ya Saɓa Lokaci

Ana gab da magariba, Injiniya na cire takalmi a bakin ƙofa, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Can wani ya sake faɗowa. Daga ranar jifan bai tsaya ba.

Aikinsa gadin kwamfutocin kamfani ne. Yini yake yi yana duban saƙonnin da ke fita, yana farautar wanda ke fita a kan kari, ba gaggawa ba jinkiri. Ɗan Adam yakan yi hamma, yakan manta. Abin da ba ya saɓa lokaci kuwa dasa shi aka yi a cikin kwamfuta, yana shaida wa ɓarawon waje cewa ya samu shiga. Shi ya sa da ya duba agogo ya ga tazarar jifan ba ta canzawa, ya shiga neman wanda ya dasa abin.

Ya zargi maƙwabci. Ya zargi ƙanin matarsa da ke kwana a ɗakin baƙi, har ya zazzage masa jaka.

"Baban Auta, saura ni ka caje," in ji matarsa. Bai yi dariya ba.

Ranar da ya hau rufin bai ga ko tsakuwa ba, ya sauko ya tarar da 'yarsu Auta zaune gaban abincin da ya huce. Ba ta ƙiftawa sai dutsen ya faɗi.

Aka ɗauko Malam. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho.

"Me kake nema a gidan nan?" Malam ya tambaya.

"Ba komai. Ajiye ni aka yi. Ina dai sanar da na waje ina nan."

"Wa ya ajiye ka?"

Muryar ta yi dariya. "Bar mini yarinyar zuwa asuba, in faɗa."

"Ko inuwarta ba ka samu."

"To jifa ɗaya, na sallama, in tafi."

Injiniya ya zabura. "Malam, kar ka yarda!"

Malam ya riga ya gyaɗa kai. Dutsen ya faɗi, kafin lokacinsa. Auta ta yi atishawa, ta ce, "Mama, yunwa."

Uwar ta rungume ta tana kuka tana hamdala. Injiniya kuwa ya kulle ƙofa, ya jawo kujera ya zauna yana fuskantar ƙofar. A wurin aiki ya sha gani: in irin wannan kira ya ɗauke, ko dai an kori mai kiran, ko na wajen da ake kira ya amsa.