Wanda Ya Rufe Ƙafar Gawar Roba

Tocila, safar hannu, tef ɗin awo, maganin gyambon ciki, littafin dokokin aiki wanda bangonsa ya yage, da katin shiga jarrabawa. Abin da ke cikin jakar Sufeto ke nan lokacin da motar ofis ta bar kwalta ta kama hanyar kwalejin 'yan sanda.

Katin ya fi komai nauyi. Jibi za a yi jarrabawar ƙarin girma. Ya taɓa zama har sau biyu yana faɗuwa, baɗi kuma shekarunsa sun haura na zama. Matarsa ta riga ta sayi tauraron kafaɗa ta ɓoye a gwangwanin allura da zare. Ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Jiya da yamma ma sai da Tsoho ya kira shi, sufurtanda mai ritaya wanda ya koya masa aiki tun yana kurtu. Da wata baƙuwar lamba ya kira, wai tasa wayar ta lalace.

"Dogo, kana karatu kuwa? Ka ci abinci, ka yi barci. Kuma in ka shiga ɗaki kada gawa ta ɗauke maka hankali. Ka duba bayan ƙofa."

Nasiha ce irin ta kullum. Sufeto ya yi godiya ya kashe.

A kwalejin, Mataimakiyar Kwamishina ce ta tarbe shi a tsaye. Ita ce shugabar kwamitin tsara jarrabawar. Ba ta ba shi kujera ba.

"An shiga ɗakin gwaji," ta ce.

"Me aka ɗauka, ranki ya daɗe?"

"Ko tsinke. An dai gani. A nan gani shi ne sata."

Ta yi masa bayani a gaggauce. 'Yan kwamitin suna killace a kwalejin, an karɓe wayoyinsu, ba a kuma faɗin sunayensu a waje. Kashi biyu ne. Tsofaffin jami'ai suna rubuta tambayoyin takarda. Ita da wani Dakta, malamin jami'a, su suka shirya gwajin aiki: ɗaki guda da aka mayar da shi wurin kisa na ƙarya, da gawar roba da jan fenti da alamomin da aka dasa. Mai jarrabawa zai shiga ya faɗi abin da ya gani. Masu rubuta tambayoyi ba sa leƙa ɗakin, masu ɗakin ba sa leƙa tambayoyi.

"Ranki ya daɗe, akwai matsala. Ni ma jibi ina cikin masu zama."

"Na sani. Duk sufeton da zan kira yana ciki. Kada dai ƙafarka ta tsallake dokin ƙofar." Ta dubi agogon bango. "In ba a san wanda ya shiga da wanda ya gaya wa ba kafin a tashi aiki, na soke jarrabawar bana gaba ɗaya."

Sufeto ya tuna maganin gyambon cikinsa yana cikin jaka, bai ciro ba.

Ɗakin yana ƙarshen baranda. An manna takarda mai hatimi a kan bakin ƙofar. Sufeto ya haska tocila. An ɗaga gefen takardar da abu mai kaifi, an mayar da ita daidai. Kwaɗon ƙofar ba ko ƙwarzane.

"Da makulli aka shiga. A buɗe mini kaɗan, kamar tafin hannu."

Ya ari fayil daga hannunta ya kare gefen fuskarsa da shi don kada ya ga tsakiyar ɗakin. Shugabar ta kusa yin dariya, ta fasa.

Bangon hagu kawai yake gani. An shafe shi da sabuwar farar ƙasa wadda ba ta gama kamawa ba. Daidai ƙugu akwai doguwar alamar gogewa, siririya, ta bi bangon har lungu. Daidai kafaɗa akwai wata.

"An yi sawu a ƙasa?"

"Mun barbaɗa hoda a tsakiya. Ba sabon sawu ko ɗaya."

Ba za a samu ba. Wanda ya shiga bai taka tsakiya ba. Ya bi bango, kafaɗa a manne, hannu a baya. Haka ake shiga wurin da aka yi kisa, in mutum ya sami malamin kirki. Sufeto da kansa haka yake shiga har ɗakin surukarsa.

"Ɗan sanda ne," ya ce. "Kuma ba na jiya ba."

Dakta yana ofishinsa yana ta goge tabarau. Shi ya fara gano an shiga.

"Da me ka gane?"

"Ƙafar. Na bar zanen gawar a yaye har gwiwa, da gangan, saboda akwai tabo a ƙwaurin da ya kamata…"

"Dakta!" Shugabar ta katse shi. "Gabanka mai jarrabawa ne."

"Afuwan. Da safe dai na tarar an ja zanen an rufe ƙafar har idon sawu. An ma gyara shi tsaf. Wane irin ɓarawo ne zai tsaya yi wa roba sutura?"

Sufeto ya sauya zance.

"Makullin fa? Bayan ka kulle jiya ina ka kai shi?"

"Kai tsaye wurin Shugaba."

"Bayan la'asar ka kawo mini," ta ce. "Da rana muka kulle."

Dakta ya mayar da tabaran, ya sake cirewa.

"To… na sa shi a aljihun kwat. Zafi ya dame ni a ɗakin cin abinci, na rataye ta a kujera. Na ɗan fita."

"Ina?"

"Bayan ɗakin girki. Taba. Matata ta ɗauka na daina."

"Wa ke kusa da kujerar?"

"Tsofaffin nan. Duk a teburi ɗaya muke ci."

Kofur mai gadin barandar ya ƙame kamar an dasa shi. Gumi yana bin wuyansa.

"Jiya da rana ka bar nan?"

"Ko taku ɗaya, yallabai."

"Ko fitsari?"

"Na riƙe, yallabai."

"Sannu da ƙoƙari. Ka ara wa wani wayarka?"

"Haram, yallabai. An hana."

Sufeto ya ciro tasa wayar. Ya daɗe yana kallon baƙuwar lambar jiya. Yana iya mayar da ita aljihu, ba wanda zai sani. Ya danna.

Aljihun Kofur ya ɗauki kiɗa, wata waƙar biki mai ƙarar gaske. Ba wanda ya motsa har ta kai amshi.

"Yallabai, don girman Allah, ina da yara," Kofur ya ce. "Shi ya ce in je in ci abinci zai tsaya mini. Da yamma kuma ya ce zai kira gida. Mutumin da ya koyar da Kwamishina, ni wane ne da zan ce masa a'a?"

Shugabar ba Kofur take kallo ba. Wayar da ke hannun Sufeto take kallo.

"Ya aka yi lambarsa ta zo wayarka?"

"Ranki ya daɗe, in yi tambaya ɗaya tukuna. Akwai abin da kuka dasa a bayan ƙofar ɗakin nan?"

Fuskarta ta sauya.

"Rabin makin yana can," ta ce a hankali. "Wa ya gaya maka?"

"Yana wane ɗaki?" Sufeto ya ce.

Tsoho yana zaune a bakin gado a ɗakin kwanan baƙi, yana yanke farce. Ya rame fiye da yadda Sufeto ya san shi. Rigarsa ta jiya tana rataye a ƙusa. Kafaɗarta ta hagu fara fat da farar ƙasa.

"Dogo. Kai suka turo?" Ya girgiza kai. "Duk sufetocin da ke garin nan."

"Baba, barka da rana. Ban san kana cikin kwamitin ba."

"Ai ba a faɗa."

"Jiya da rana ina kake?"

"A nan. Ƙafata ke ciwo."

"Rigar fa?"

"Na jingina da bango. Laifi ne?"

"Bango ɗaya aka shafe a kwalejin nan, Baba. Gawar farko da ka kai ni, wata mata ce a bayan tasha. Da mai hoto ya gama, ka ja zanenta ka rufe mata ƙafa. Ka ce in na taɓa barin gawa a tsiraice, in cire kakin in ba ka."

Tsoho ya ajiye abin yankan farcen.

"Na rufe ta?"

"Har idon sawu."

"Roba." Ya yi wata gajeriyar dariya. "Wallahi ban san na yi ba. Na kiyaye hoda, na kiyaye hatimi. Hannun ne ya yi abinsa."

Shugabar tana tsaye a bakin ƙofa. Ita ma ɗalibarsa ce.

"Malam, wa da wa ka gaya wa?"

"Shi kaɗai. Shi ma bai san na gaya masa ba." Ya nuna Sufeto da haɓa. "Kin san yaron nan? Ki kai shi wurin gawar gaske, kafin ki gyara hula ya gaya miki wanda ya yi. Ki sa shi a ɗakin jarrabawa, mutum uku da biro suna kallonsa, sai ya manta sunan uwarsa. Yaran da ya koya wa ɗaure igiyar takalmi yau shi ke sara musu. Na ce wannan karon dai, kalma ɗaya."

"Ban roƙe ka ba, Baba."

"Da ka roƙa da ban yi ba."

"Ka san dokar. Kai ka rubuta ta."

"Na sani." Tsoho ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki hularsa. Ya miƙo hannuwa biyu. "To, yi aikinka. Kuma ka faɗa mini haƙƙina yadda na koya maka, kada ka haɗiye rabi."

Sufeto ya faɗa, bai haɗiye ko kalma ba. Bai sa ankwa ba. Saje biyu suka zo suka sa Tsoho a tsakiya. A baranda ya bi gefen bango, hannu a baya, har suka sha kwana.

Shugabar ta mayar da shi ofishinta. Wannan karon ta nuna masa kujera.

"Jarrabawa tana nan. Za mu sake shirya ɗakin yau, abin da ya gaya maka ya tashi a banza. Amma doka ta ce duk wanda sirrin ya kai kunnensa, ya nema ko bai nema ba, ba zai zauna a shekarar ba. Kai kuma ba ka da baɗi."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Rahoton kai za ka rubuta. Riga da makulli da amsa laifin da ya yi da bakinsa sun isa. Ba dole sai an ambaci wanda ya kira ba. Kofur ba zai yi magana ba. Ni ma ban ji komai ba."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce. Ya san abin da za ta tambaya: ko ya ci abinci, ko ya sami lokacin duba littafin. Ya bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji.

Ya buɗe jaka. Ya ɓallo maganin ya haɗiye ba ruwa. Sannan ya ciro katin ya ajiye a kan teburinta, hoton yana kallon sama.

"In na cire kiran, me zan ce ya kai shi ɗakin? Yawon buɗe ido?"

"Sufeto, ka yi tunani."

Ya tashi. Ƙofar ofishin a buɗe take, ana jiyo Dakta da ma'aikata suna jan teburi a ɗakin gwaji. Ya tura ta ta rufu.

"Na yi, ranki ya daɗe. Ni ya kira, kuma haka zan rubuta. A cire sunana."