Muryar da ke Ƙarƙashin Kujerar Baya

Shekara uku Baba yana maganar mota. Ba irin ƙananan nan ba. Bas yake so, wadda za ta kwashe su duka ran Asabar su bar gari.

"Mu je mu ga ruwa da itatuwa," in ji shi. "Yaran nan ba su san komai ba sai bango da talabijin."

Daga ƙarshe ya samu wata ta hannu. Ran Lahadi aka je ɗauko motar. Baba ya tafi da 'ya'yansa biyu, yaron da ƙanwarsa Auta. Mai motar wani tsohon kafinta ne da ya daina aiki. Gidansa tsit, ko motsin kaza babu. Kujeru biyu ne a baranda. Ɗaya duk ta yi ƙura.

Motar fara ce, ta ɗan kwana biyu. Cikinta sai ƙanshin katako. Tsohon ya shafa ƙofarta a hankali.

"Ni da mai ɗakina mun sha yawo a cikinta," ya ce. "Yanzu idona ba ya ganin hanya sosai. Ku riƙe ta da kyau."

Manya suka zagaya suna duba inji. Yaron ya haye baya. Ya zura hannu cikin aljihun kujera, sai ya taɓo wani abu mai sanyi.

Ɗan agogo ne, girmansa bai wuce sabulu ba. Lambobinsa suna haske kore. Yaron bai taɓa ganin irinsa ba.

"Ai mun sayi mota," ya faɗa a ransa. "Duk abin da ke ciki namu ne."

Amma bai nuna wa kowa ba. Ya ɗaga bakin kafet ɗin da ke ƙarƙashin kujerar baya, ya cusa shi can ciki. Ya ce sai an manta zai ɗauka.

Da yamma wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, sannan ya juyo.

"Dattijon nan ne. Wai ko kun ga wani ɗan agogo a motar?"

"Ni ban gani ba," in ji Auta.

"Kai fa?"

Yaron ya kalli kwanonsa. "Ni ma ban gani ba, Baba."

Baba ya je ya laluba aljihunan kujeru duka. Ya dawo hannu wofi. Ya ba tsohon haƙuri, aka rufe gareji.

Ran Alhamis da rana, Auta ta shiga gareji neman ƙwallonta. Sai ga ta ta fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya.

"Mama! Akwai wata mata a cikin motar!"

"Wace mata kuma?"

"Tana magana. Amma babu ita."

Mama ta yi dariya. "Ke dai da surutu. Rediyon maƙwabta ne. Zo ki wanke hannu."

Da yaron ya dawo daga makaranta ya ji labarin, shi ma ya yi dariya. Har da ce mata matsoraciya.

Asabar ta zo. Aka loda tanti, tabarmi, kulolin abinci da sandar fatsa sabuwa. Baba yana tuƙi yana waƙa, muryarsa kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

"Baban yara, ka ji tausayin kunnuwanmu," in ji Mama.

Suka isa bakin wani tafki. Babu kowa sai su. Gajimare ya rufe rana. Ruwan yana kwance, ko ƙyas ba ya motsi. Tsuntsaye ma sun yi shiru.

Baba da yaron suna kafa tanti. Mama tana shimfiɗa tabarma kusa da motar. Sai suka ji tari. Tarin tsohuwa, daga cikin motar.

Kowa ya tsaya cak.

"Maigida," in ji wata murya, a hankali, tana ja. "Lokaci ya yi. Tashi ka sha maganinka."

Guduma ta faɗi daga hannun Baba. Auta ta ƙanƙame zanin Mama.

"Ita ce! Na gaya muku!"

Baba ya buɗe ƙofofi duka. Babu kowa. Ya duba rediyo, a kashe yake. Makullin motar ma yana aljihunsa. Ya leƙa ƙarƙashin mota, sai ciyawa.

Tsigar jikin yaron ta tashi.  Amma ya lura da abu ɗaya. Daga baya muryar ta fito. Daga ƙasa, wajen kafet.

Gabansa ya faɗi. Ya buɗe baki, ya sake rufewa. Idan ya faɗa, Baba zai san ya yi ƙarya.

"Wallahi ba zan sake kai 'ya'yana ko'ina a motar nan ba," in ji Mama. 

Baba ya juya wajen tantin. Sannan ya soma zare turakun tanti ɗaya bayan ɗaya.

"Shi ke nan," ya ce. "Ran Litinin zan mayar wa mai ita."

Ya naɗe tantin da ko zama ba a yi a ciki ba. Ya ɗauki sandar fatsa, ya juya ta a hannu, ya mayar cikin ledarta. Yaron bai taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

Auta kuwa ta ƙi shiga mota. Ta zauna a ƙasa tana kuka.

Sai tarin ya sake dawowa.

"Maigida, ka sha kuwa? Kar ka sa in sake faɗa."

Wannan karon yaron ya saurari maganar da kyau. Magani. Akwai wanda ake tuna wa magani. Kuma kwana shida ke nan ba ya ji.

"Baba!" Hawaye suka zubo masa. "Ni ne. Ni na ɓoye agogon. Daga cikinsa muryar take fitowa."

Ya shiga motar. Ya ɗaga kafet, ya zaro shi. Korayen lambobin suna ƙiftawa.

Mama ta dafe ƙirji. "Kai yaron nan! Ka kusa kashe mu da tsoro."

Baba bai yi tsawa ba. Da ma ya yi, da ya fi wa yaron sauƙi.

"Na tambaye ka, ka ce ba ka gani ba," ya ce. "Ku shiga mu tafi. Yanzu."

Ba su biya gida ba. Kai tsaye suka wuce gidan tsohon kafinta. Baba ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ƙofar ta buɗe da kanta, ashe ba a kulle take ba.

Falon da duhu, labule duk a sake. Tsohon yana kishingiɗe a kujera, idonsa a rufe. Ga kwalaben magani barjat a kan tebur.

"Baba!" Mama ta kira tsohon da ƙarfi.

Ya buɗe ido da ƙyar. "Jiri nake ji, 'yata. Na rasa ko na sha, ko ban sha ba. Kwanakin duk sun cakuɗe mini."

Yaron ya durƙusa a gabansa. Ya miƙa agogon da hannu biyu.

"Kaka, ni na ɗauka. Kuma na yi ƙarya. Ka yafe mini."

Tsohon ya karɓa. Ya danna wani madanni. Muryar ta cika falon.

"Na ji, sarauniyar faɗa," ya ce wa agogon. Yana murmushi, idonsa ya cika da hawaye. "Mai ɗakina ce. Ta san ni da mantuwa. Kafin ta rasu bara, ta naɗa mini muryarta a ciki."

Ya ɗora hannu a kan yaron. "Tashi, jikana. Ka dawo mini da ita, na yafe."

Suka sa shi a motar suka kai shi wurin likita. Likita ya duba shi, ya ce gara da suka zo yau. Kwana biyu kawai, tsohon ya warware. Yaron ne yake kai masa abinci bayan makaranta. Shi ya goge ƙurar kujerar baranda.

Asabar ta gaba suka koma tafkin. Kaka ne a kujerar gaba, agogonsa a cinya. Rana ta fito, tsuntsaye sai hayaniya suke. Ya nuna musu inda kifi ke taruwa.

Ƙarfe goma sha biyu daidai aka ji tari.

"Maigida, lokaci ya yi."

Auta ta ruga da kofin ruwa. Mama ta leƙo daga tanti, ta amsa wa muryar.

"Ga shi nan yana sha, Inna. Mun sa masa ido."

Kowa ya fashe da dariya. Baba ya dafa kafaɗar yaron.

"Me ka koya?"

"Abin da na tsinta ba nawa ba ne," in ji yaron. "Ko da ƙarami ne, wataƙila ran wani yana kai. In an tambaye ni kuma, in faɗi gaskiya tun farko."

"Madalla," in ji Baba. "To riƙe fatsarka da kyau. Ga kifi can yana ja."